Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Tsofaffin Ɗaliban Firamaren Garinmu Kan Karrama Malam Saja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Maigari, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Iyayena masu unguwanni, Malam Liman, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da 'yan kwamitinsa, yayyena da ƙannena na gida da na birni, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Ya zafi, ya kuma shirin damina?

Labari ya iske ni cewa kun tsayar da shawarar yin walima bayan Babbar Salla domin karrama mahaifinmu, wanda duk ƙasar nan aka sani da Malam Saja. Na ga jerin waɗanda suka ba da gudummawa a zauren WhatsApp, har da mutanen da na san da ƙyar suke haɗa na cefane. Ni da 'yan'uwana ba mu da bakin gode muku, sai dai mu ce Allah ya saka da alheri. Yabon gwani ya zama dole, kuma kun kyauta da kuka ce a yi shi yana raye yana ji da kunnensa, ba a jira sai an dawo daga maƙabarta ba.

Sai dai na ga tsarin da aka yi wa kuɗin: hayar rumfuna da kujeru, buga kalanda mai hotonsa, allon yabo da za a sassaƙo daga Kano, da abincin manyan baƙi da za a gayyato daga Dutse. A nan ne nake roƙon ku ba ni aron kunnuwanku. Na rubuta a fili maimakon in kira shugaba a waya domin kuɗin na jama'a ne, ya kamata duk wanda ya sa sisinsa ya ji. Roƙona shi ne a karkata mafi yawan abin da aka tara zuwa ga aikin da Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a kai. Amma bari in fara gaya wa ƙannenmu ko wane ne mutumin, domin da yawansu sun taso ne sun iske shi tsoho mai sanda da tabarau a ƙofar masallaci.

A shekarar 1967, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kano aka ba Audu Bako riƙonta, Baba saurayi ne da bai cika ashirin ba, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun garin nan da suka gama elemantare suka wuce babbar firamare a Gumel. A watan Yuli yaƙin basasa ya ɓarke. Da aka yi shelar neman sojoji, ya hau jirgin ƙasa a tashar Gagarawa ya sauka Kano, daga nan sai Zariya wurin horon kurata. Horon da a da ake shafe watanni ana yi, a 'yan makonni aka dunƙule musu shi, domin rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 ba kafin yaƙi sai da ta kai wajen dubu 250 kafin a gama. Akasarinsu 'ya'yan manoma ne irinmu, waɗanda ba su taɓa ganin kurmi ba, ba su taɓa ganin ruwan da zai kwana ya yini yana zuba ba. Aka tura shi Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, ya iske ta bayan ta shiga Inugu a Oktoban 1967, ya bi ta har Umuahia da aka kama a Afrilun 1969. A kan wannan hanya ce ɓarɓashin bam ya shige masa cinyar hagu. Har yau akwai ragowar ƙarfe a ciki, shi ya sa duk hunturu za ku gan shi yana salla a zaune.

Mu da muka taso a gabansa ba mu cika jin labarin harbi daga bakinsa ba. Labarin da yake maimaitawa na wasiƙu ne. A cikin rukuninsu shi ne wanda ya iya boko da ajami, sai ya zama magatakardan kowa ba tare da an naɗa shi ba. Idan aka sami lafawa, sai ka ga ƙato ya matso kusa da shi da 'yar takarda, ya tsuguna ya rage murya: a gaishe da Inna, a ce kada a sayar da tunkiya, a biya wane bashinsa daga kuɗin da na aiko, a riƙe mini yarinyar nan kada a ba wani. Namiji mai riƙe da bindiga, dole ya kwance wa wani sirrin gidansu kafin saƙonsa ya isa. Ranar albashi kuma su dangwala yatsa a kan takardar da ba su san abin da ke cikinta ba. Akwai wani abokinsa da wasiƙa ta zo masa daga gida lokacin Baba yana jinya. Ya ƙi ba kowa ya karanta masa, ya naɗe ta a leda ya sa a aljihun ƙirji, yana ta murna yana gaya wa mutane ai matarsa ce ta sauka, sunan jaririn ne a ciki. Da Baba ya dawo ya buɗe, ashe matar ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ta haifa, har an yi sadakar bakwai. Baba ya ce ya ɗauki lokaci yana kallon takardar, mutumin kuwa yana kallon bakinsa yana murmushi. Ya sha gaya mana cewa a ranar ya ƙudurta a ransa, in Allah ya mayar da shi gida da rai, ba zai zauna a garin da mutum zai yi yawo da mutuwar iyalinsa a aljihu bai sani ba.

Akwai kuma abin da ba ya son a tayar masa, wato yaran da ya gani a ƙauyukan Ibo, masu kumburarren ciki da jan gashi, waɗanda yunwa ta cinye. An gama yaƙi ranar 15 ga Janairun 1970, Janar Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, amma ana ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya sun salwanta, galibinsu da yunwa. Ku da kuka zauna a ajinsa kun san durowar teburinsa ba ta rabuwa da ƙuli-ƙuli da dabino, kun san kuma yakan gane yaron da ya fito bai karya ba tun daga layin safe. Daga can ya samo wannan idon. Kun kuma san ba a zagin wata ƙabila a gabansa a zauna lafiya.

Ya ci gaba da aikin soja har ya kai saja. A 1976, lokacin da gwamnati ta soma rage yawan sojoji, ya karɓi sallama. Abokansa da dama sun tsaya birni, wasu gadi a masana'antun Bompai da Sharaɗa, wasu tuƙi. Shi ya tattaro iyalinsa ya dawo nan. A watan Satumbar shekarar ne gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. An buɗe makarantu ko'ina babu isassun malamai, aka ɗauke shi malamin wucin gadi, daga baya ya yi karatun ƙarshen mako a ƙarƙashin Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna har ya sami takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu. Yana magidanci mai 'ya'ya, yana zama benci ɗaya da sa'o'in ƙannensa.

Ranka ya daɗe Maigari, kai shaida ne a kan abin da ya biyo baya, domin da marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa, suka riƙa bi gida-gida. Ana jin sallamarsu sai a cusa yaro a rumbu a rufe, wani a tura shi wurin dangi a tsallaken iyaka cikin Nijar har ƙura ta lafa. Ni ban ga laifin iyayenmu ba. Boko Nasara ne ya kawo shi, sun ji tsoron ya raba 'ya'yansu da salla, ga shi kuma kowane yaro hannu ne a gona da kiwo. Wani a matsayin Baba, da kakinsa zai yi barazana, a lokacin da jin sunan soja kaɗai ya isa a watse daga dandali. Shi kuwa wurin malaman tsangaya ya fara zuwa, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, aka daidaita: allo da asuba da kuma yamma, boko da hantsi, ranar kasuwa a tashi da wuri. Sannan ya kamo hannun yayarmu ya kai ta, ita ce mace ta farko da aka rubuta a rajistar makarantar nan. An yi ta surutu cewa zaman bariki ya juya masa kai. Bai tanka wa kowa ba. Shekara na zagayowa liman na wancan lokaci ya kawo tasa 'yar, daga nan sauran gidaje suka biyo. Duk macen garin nan da a yau take duba masu ciki a asibiti, ko take tsaye gaban allo, ko take lissafin ribar sana'arta a waya, ta wannan ƙofa ta shigo, ni ma a cikinsu nake.

Ban ce waliyyi ba ne. Yana da zafi, fareti yake sa mu kowace safiya, ya duba farce da haƙora da wuyan riga, kuma tsumagiyarsa ba ta san ɗan gida ba, mu ma mun sha ta. Zamanin duka ya wuce, ba na kuma kiran a dawo da shi. Amma ban taɓa jin wanda ya ce Malam Saja ya makara, ko ya bar aji ya tafi sabgar gabansa, ko ya karɓi ko da ƙwai ɗaya don ya ciyar da yaro gaba ba.

Da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano a 1980, wadda har UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba lambar yabo a 1983, Baba ne ya riƙe ajin yaƙi da jahilci na garin nan. Maza bayan lisha a ajin farko da fitilar ƙwai, mata kuma bayan la'asar a tsakar gidanmu, Innarmu tana shimfiɗa tabarmi. Da idona na ga dattijo mai furfura ya riƙe fensir kamar ya riƙe ƙotar fartanya, gumi na tsattsafo masa, har ya fitar da sunansa, ya ɗaga takardar yana nuna wa kowa. A wannan aji ne mutanenmu suka koyi karanta sikeli, aka daina yi musu ƙwange in sun kai gyaɗa da riɗi kasuwa. A nan suka koyi duba takardar cinikin dabba a Maigatari ranar Alhamis. Ko da tallafin ya tsaya, ajin bai tsaya ba, da kuɗinsa yake sayen kananzir. Shekarun da malaman firamare suka riƙa yin wata da watanni babu albashi, wasu suka ajiye alli suka tafi ci-rani, ba kuma za a zarge su ba, shi gonarsa ce ta riƙe mu ta riƙe makarantar. An ƙirƙiro Jigawa a 1991 yana cikin aji, ya yi ritaya a 2008 yana hedimasta.

Abin da ya samu bayan haka, kun fi ni sani. Na taɓa raka shi tantancewar 'yan fansho. Tsofaffi ne jere a rana, kowa rungume da fayil ɗin da ya yi laushi don tsufa, wani da sanda, wani jikansa ke jan sa, wani an ɗauko shi a bayan mota a kwance don a ga yana numfashi. Wani yaron ofis da bai kai sa'an autanmu ba ya daka wa Baba tsawa don ya jingina da bango. Jikina ya ɗau rawa, na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riƙe mini hannu, ya miƙe ya koma layi a kan ƙafar nan mai ƙarfe a ciki. Ban kawo wannan don in tayar da hankalin kowa ba. Na kawo shi ne don ku san cewa mutumin nan ya daɗe da daina jiran a yaba masa, allon katako ba zai faɗa masa abin da bai sani ba.

Abin da ke hana shi barci yana nan gabas da masallacin Juma'a. Ginin azuzuwa biyun da iska ta yaye wa kwano har yanzu a buɗe yake. Yara a ƙasa suke zama, hadari na haɗowa sai a cusa aji uku a ɗaki ɗaya ko a sallame su. Ajin dare ya mutu tun da idonsa ya raunana. Kuma ga wani abin da ya fi ciwo: yaran da ke yawo a gari da hantsi sun soma yawa kamar ba a taɓa yin 1976 ba. UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sha nanata cewa sama da yara miliyan 10 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Ba sai mun je neman su a rahoto ba, mun san sunayen iyayensu, wasu ma jikokin waɗanda aka zaro daga rumbu ne. Duk lokacin da na zo gida, kafin ya tambaye ni yaran nawa sai ya tambaye ni ko an rufe ginin nan.

Don haka nake roƙon kwamiti ya sayi kwano da katako da ƙusa tun yanzu, a rufe ginin kafin ruwa ya zauna, domin Sallar bana dab da faɗuwar damina take, in aka jira sai an gama walima bango zai jiƙe ya ƙara tsagewa. Muna da kafintoci da magina a cikin ƙungiyar nan, na tabbata ba za su karɓi kuɗin aiki a kan makarantar da ta koya musu awo ba. Abin da ya ragu a yi benci, a sayi fitila mai aiki da hasken rana, a farfaɗo da ajin dare. Muna da matasa masu takardar shaidar malanta ta NCE daga Kwalejin Ilimi ta Gumel suna zaune babu aiki. Ɗan alawus kaɗan da za mu riƙa haɗawa duk wata ya isa biyu daga cikinsu su riƙe ajin, namiji ga maza, mace ga mata. In kuna son sunansa ya tabbata, ku rubuta shi da fenti a jikin wannan aji.

Na san za a ce gyaran makaranta aikin hukuma ne, mu ba mu ne gwamnati ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗauke wa kowa nauyinsa ba. A rubuta takarda, Maigari da kwamitin kula da makaranta su sa hannu, a kai inda ya dace, a nemi ƙarin malamai, a yi ta bibiya ba gajiyawa. Amma yaron da ke aji ɗaya bana ba zai tsaya da girma yana jiran takarda ta fito ba. Kuma mai neman taimako da ya riga ya rufe rabin gininsa da guminsa ya fi ƙarfin baki a gaban kowane ofis. Za a kuma ce mutane sun ba da kuɗinsu ne don biki. To, a tambaye su. A sa maganar a zauren da aka tara kuɗin, duk wanda bai yarda ba a mayar masa da nasa ba tare da ɓacin rai ba.

Ban ce kada a taru ba. A taru a filin makaranta da tabarmi, a sauke Alƙur'ani, a yi addu'a, a dama fura, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Iyaka ina roƙo kada ranar ta zama dandalin siyasa. Duk mai muƙamin da ya zo a matsayin ɗalibin Malam, marhabin da shi, ya zauna inda ɗalibai suke zama. Kada a bar tsoho mai ciwon ƙafa yana jiran babban baƙo tun hantsi har azahar, a zo a yi jawabai a kansa shi kuwa ba a ba shi damar cewa uffan ba.

Sannan kada a zaunar da shi shi kaɗai. Ba shi kaɗai ya hau jirgin nan a Gagarawa ba. Akwai 'yan mazan jiya a garin nan da ƙauyukan kewaye da suka dawo babu takardar da za ta ba su aiki, suka koma gona da raunukansu. Akwai waɗanda ba su dawo ba sam, iyayensu suka mutu suna sauraren sallama, ba a san inda kabarinsu yake ba. Akwai matan da suka bari, wasu na nan da rai. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a saki fararen tattabaru a Abuja don tunawa da su, amma a nan inda aka haife su ko jerin sunayensu ba mu da shi. Baba yana riƙe da sunayen a ka, da na iyayensu, da inda kowane ya faɗi. Idonsa ya tafi amma ƙwaƙwalwarsa garau take. Ina roƙon a wakilta matasa biyu masu natsuwa su riƙa zuwa zaurensa da littafi da waya, su rubuta su kuma naɗi muryarsa, shi da sauran tsofaffin da suka rage, tun ba a wayi gari an rasa mai faɗa ba. A karanta sunayen a ranar taron, a yi musu addu'a, a ajiye littafin a ofishin hedimasta. Haka kuma malaman da suka yi aiki tare da shi a shekarun babu albashi, masu rai da iyalan mamata, a kira su a zaunar da su a gaba.

Ban shawarci Baba kafin in rubuta wannan ba, domin na san zai ce a bar maganar gaba ɗaya, shi bai yi don a gani ba. Amma na yi magana da yayyena da ƙannena, bakinmu ɗaya. Mu 'ya'yansa mun ɗauki nauyin bandir biyu na kwano da fitilun ajin dare, kuma yayarmu ta ce tsakar gidan da aka yi ajin mata a da yana nan a buɗe.

Ranka ya daɗe Maigari, ina roƙon ka kira zama da kwamiti da Malam Liman da hedimasta a Juma'ar nan mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, a duba wannan magana. Babban wanmu zai halarta a madadin gida, da kuɗin kwanon a hannunsa. In na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe wa 'yarku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu.

Wassalamu alaikum.

'Yarku kuma ƙanwarku,
ɗaya daga cikin 'ya'yan Malam Saja.